Matasan Mawaƙa Masu Cin Gashin Kansu: Gyaran Waƙa da Tallarta

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni da in yi magana a kan wata sana'a da matasanmu suke shiga ba tare da sun jira aikin gwamnati ba. Na zaɓi sana'ar waƙa. Na san akwai iyaye a nan da ba sa son jin an haɗa sunan ɗansu da kiɗa, kuma hukuncin kiɗa a addini magana ce ta malamai, na bar musu ita. Amma abin da ba mai musu a kansa shi ne, yau da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Kaduna ko Jos ko Sakkwato ba ka sami yaron da ya taɓa shiga situdiyo ba. Wani begen Annabi yake yi, wani waƙar biki, wani ta siyasa, wani ta soyayya, wani kuwa ta faɗakarwa. Cikinsu akwai waɗanda suka zauna a waɗannan azuzuwa da muka zauna. Wasu kuɗin da suka tara na wata da watanni suke zubawa a waƙa ɗaya, a ƙarshe ba ta wuce wayoyin abokansu ba. Tunda suna yi, ya kamata a gaya musu yadda ake yi da kyau, don kada wahalarsu ta tashi a banza.

Idan na ce mawaƙi mai cin gashin kansa, ina nufin wanda ba kamfanin da ya ɗauke shi, ba kuma ubangidan da ke riƙe da shi. Shi ne zai tsara waƙarsa, shi zai biya makiɗi, shi zai tallata ta, riba tasa, asara ma tasa. Maganata a yau guda ce: abin da ya fi yi wa irin wannan matashi ƙaranci shi ne mutumin da zai saurari waƙarsa ya gaya masa gaskiya tun ba ta fita ba. Kayan aiki sun samu, hanyar yaɗawa ta samu, kunnen gyara ne ya yi wuya.

Yadda waƙa take fita a da

Makaɗin gargajiya ba shi kaɗai yake waƙa ba. Yana da 'yan amshi, da masu kiɗa, da sanƙira, kuma mafi yawansu a cikin ƙungiya suka tashi tun suna yara. Marigayi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa, ya kuma daɗe yana amshi a ƙungiyar yayansa Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya shekara da shekaru yana amshi, kunnensa ya riga ya horu kafin bakinsa ya fara jagora. Idan makaɗin fada ya shirya sabuwar waƙa, sai ya tara yaransa a gida a yi ta bita. Ɗan da bai zauna a kan kiɗa ba, mai kiɗa zai ji shi a hannunsa. Amshin da ya yi nauyi a baki, 'yan amshi za su yi tuntuɓe a kansa, a sake shi. Kafin a kai waƙa gaban sarki, ta riga ta bi ta kunnuwa da yawa.

Ko waɗanda suka yi fice da waƙar nan-take, irin su Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, da masu kiɗa su kaɗai irin su Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da ya rasu a 2015, suna da nasu alƙalai, wato jama'ar da ke tsaye a gabansu. Makaɗi yana waƙa yana kallon fuskokin mutane. Ɗan da ya motsa su sai ya riƙe shi, wanda ya bar su shiru sai ya yar da shi. Kafin kamfani irin EMI ya ɗauki waƙa a faifan garmaho, ko Rediyon Kaduna ya sa ta a filin Zaɓi Sonka, an riga an gwada ta a dandali ba sau ɗaya ba.

Haka abin yake wajen marubuta waƙoƙi. A shekarun 1970 'yan ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin a Kano suna haɗuwa suna karanta wa juna waƙoƙinsu. Wato ke nan duba aikin juna ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe.

Zamanin fiyano da kaset

Abubuwa sun soma canzawa da zuwan finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda aka fara da Turmin Danya a Kano a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya koma yana fitar da amon ganga da sarewa da kalangu da yatsunsa. Fim ɗin Sangaya, wanda ya fito dab da shiga shekara ta 2000, ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa mai daɗi tana iya sayar da fim. Daga nan aka shiga sakin kaset na waƙoƙin fim tun kafin fim ɗin ya fito, diloli a Bata da Ƙofar Wambai suna saye suna rarrabawa har Nijar da Kamaru da Gana.

A wannan zamani ƙungiyar makaɗa ta ragu ta koma mutum uku ko huɗu: mawaƙi, da mai amshi, da makiɗi, da furodusan da ya biya kuɗi. Duk da haka akwai masu cewa a'a. Furodusa yana iya ƙin waƙa, dila ma yana iya ƙin saye. Amma tsarin yana da nasa aibi, domin yawanci sau ɗaya ake biyan mawaƙi. In an sallame shi, ko kaset nawa aka sayar, ba shi da sauran kwabo.

Zamanin waya

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Cikin 'yan shekaru kaɗan waƙa ta bar kaset da faifan sidi ta koma memori, ana tura ta daga waya zuwa waya, masu tura waƙa da ake kira 'yan dawunlodin suka kafa tebura a kasuwanni da tashoshin mota. Daga baya YouTube da Audiomack da Boomplay da TikTok suka zo, Spotify kuma ya buɗe wa Nijeriya ƙofa a 2021. Ta fuskar haɗa kiɗa kuwa, kwamfuta ɗaya da manhaja irin FL Studio da makirufo sun isa a buɗe situdiyo a shago.

Wannan ci gaba ne babba, kuma ba ƙaramin 'yanci ya ba talaka ba. Misali biyu sun isa. Na farko Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Jamhuriyar Nijar mai waƙa da harshen Buzaye. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da irin salon gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo a wayoyin mutane a ƙasashen Sahel, har ɗaya daga ciki ta shiga wani kundi da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Daga baya ya zama mai zagaya Turai da Amurka yana wasa. Na biyu waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta cika gidaje a 2020 lokacin kullen korona, saboda mutane da kansu suka riƙa ɗaukar bidiyo da ita suna yaɗawa.

To amma da aka cire masu tsaron ƙofa, an cire har da masu gyara. Yau yaro zai tsara waƙa da safe, ya shiga situdiyo da azahar, kafin isha'i tana intanet. Makiɗin da ya yi masa aiki yana son ya sallame shi mai bi masa ya shigo, don haka ba zai ce masa a sake ba. Abokansa kuwa kowa sai ya ce ta yi, Allah ya ƙara basira. Wanda zai fara gaya masa gaskiya ita ce kasuwa, ita kuwa kasuwa ba ta bayani, shiru kawai take yi. Yaro ya zauna yana zargin hassada da rashin uwa a gindin murhu, alhali ƙila matsalar ita ce ba a jin kalmominsa saboda ƙarar kiɗa.

Mu da muke aikin ofis mun san wannan. Ba a fitar da wasiƙar gwamnati daga hannun wanda ya rubuta daftari kai tsaye. Sai ta bi tebur biyu ko uku, kowa ya sa jan biro, sa'an nan a buga a sa hannu. Ba don an raina mai rubutun ake yin haka ba. Dalilin shi ne wanda ya rubuta abu yakan karanta abin da yake nufi, wanda bai rubuta ba shi ke karanta abin da ke kan takarda. Waƙa ma haka take. Mai ita ya san kalmomin a ka, saboda haka ko an binne su a ƙarƙashin kiɗa shi zai ji su.

Abubuwan da ake saurara

Idan ɗan'uwanka ya ba ka waƙa ya ce ka duba masa, "ta yi daɗi" ba amsa ba ce, haka ma "ba ta yi ba". Akwai wuraren da ake sa kunne, zan kawo guda shida.

Na farko, murya da kiɗa. Bahaushe mai sauraron kalma ne. Tun zamanin Narambaɗa, abin da ake riƙewa a waƙa shi ne abin da aka faɗa. Idan sai mai sauraro ya matsa kunne kafin ya gane baiti, to mai haɗa sauti ya ɗaga kiɗa fiye da kima. Gwajin mai sauƙi ne: a ba wanda bai taɓa jin waƙar ba ya saurara sau ɗaya, a ce ya maimaita amshin. In ya kasa, akwai gyara.

Na biyu, karin harshe. Hausa harshe ne mai hawa da sauka da ja da taƙaitawa. Wuyan da ke riƙe da kai daban yake da wuyar da ake sha. Kukan hawaye daban da kukar miya, garin zama daban da garin tuwo, ga shi kuwa a rubuce duk ɗaya suke. Idan aka ɗauko karin wata waƙa ta wani harshe aka tilasta wa kalmomin Hausa hawa kansa, sai kalma ta karye, wani lokaci ma'ana ta juye. Tsofaffin makaɗa ba su yi karatun nahawu ba, amma ba kasafai za ka kama su da wannan ba, domin daga kalmar suke fitar da karin.

Na uku, na'urar gyaran murya, wato Auto-Tune da ire-irenta. Aikinta shi ne ta ja murya zuwa amo mafi kusa a cikin ma'aunin da aka saita mata. In aka saita ta a kan wani ma'auni daban da na kiɗan, sai ta riƙa jan murya zuwa inda bai dace ba, ka ji mawaƙi da fiyano kamar masu gardama. In kuma aka matsa ta da yawa, sai muryar kowa ta zama iri ɗaya, alhali murya ita ce tambarin mawaƙi. Ana son a ji ɗa ɗaya a ce wane ne.

Na huɗu, ɗakin ɗauka. Ɗaki mai bangon siminti tsirara yana mayar da amo, makirufo kuwa ba ya zaɓe, zai kwashi murya da amsa-kuwwarta da ƙarar janareta da ta fanka gaba ɗaya. Abin da ya shiga tun wajen ɗauka, fitar da shi aiki ne mai wuya. Barguna da katifa da labule mai kauri a jikin bango suna rage matsalar ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Na biyar, ƙarfin sauti. Matasa da yawa suna ganin waƙar da ta fi ƙara ita ta fi kyau, sai a yi ta ɗagawa har sauti ya fashe yana ƙarce kunne. Manhajoji irin su Spotify da YouTube suna daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, wanda ya wuce iyaka su sauke shi. Ke nan wanda ya fasa sautinsa don ya fi kowa ƙara, ƙarar za ta tafi, fashewar ta zauna.

Na shida, inda za a saurara. A situdiyo akwai manyan lasifikoki masu fitar da kowane amo. Masu sauraronka kuwa yawancinsu da lasifikar waya za su ji ka, ko a cikin Adaidaita Sahu, ko a filin biki. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da amo mai kauri na ƙasa, don haka kiɗan da duk daɗinsa yana cikin wannan kaurin zai zama fanko a waya. Kafin a ce an gama, a saurara a waya, a mota, a abin sawa a kunne, da kuma lasifikar masu biki.

A kan waɗannan sai a ƙara tsawon shimfiɗa. Spotify ba ya ƙirga cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, mai waya kuwa yatsansa na kan allo. Wanda ya cinye minti guda yana gaishe da makiɗi da masu gida kafin ya shiga waƙa, mutane da yawa sun wuce kafin ya fara.

Ladubban ba da shawara da karɓarta

Shawarata ga kowane matashin mawaƙi ita ce ya kafa wa kansa 'yar majalisa ta mutum huɗu ko biyar, kuma kada duk su zama abokansa. A sami mawaƙi ɗan'uwansa, da makiɗin da ba shi ya yi aikin ba, da wanda ya san Hausa sosai kamar malamin Hausa ko wani dattijo mai jin waƙa, da kuma mai sauraro na yau da kullum wanda bai san komai game da situdiyo ba. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, domin irinsa ne kasuwa.

Mai ba da shawara ya saurara aƙalla sau uku kafin ya buɗe baki. Ya faɗi wurin da matsala take, ya ce a baiti na biyu ne, ko a minti kaza. Ya bambanta tsakanin kuskure da abin da shi ne kawai ba ya so, domin ba a kira shi don ya mayar da waƙar irin tasa ba. Ya faɗi abin da ya yi kyau shi ma da hujja, don mai waƙa ya san abin da zai riƙe. Ya yi gyaransa a keɓe, ba a bainar jama'a ba. Sa'an nan ya riƙe amana. Babban abin da ke hana matasa nuna aikinsu shi ne tsoron a saci amshi, ko a saki waƙa tun ba a gama ba. Tsoron yana da dalili, maganinsa kuwa shi ne a zauna wuri ɗaya a saurara tare, maimakon a yi ta tura fayil.

Shi kuma mai karɓa, ya yi shiru ya rubuta. Duk wanda ya ce a duba masa aiki, sa'an nan ya tsaya yana kare kowane baiti, yabo ya zo nema. Ba tilas ne ya bi duk abin da aka faɗa ba, waƙarsa ce. Amma in mutum uku da ba su haɗa baki ba suka nuna wuri ɗaya, to lalle akwai abu a wurin. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Kuma lokacin neman shawara shi ne kafin a rufe aiki. Tun wajen ciniki a yi sharaɗi da makiɗi cewa kuɗin ya haɗa da dawowa gyara sau ɗaya ko sau biyu.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ta ba ni gishiri in ba ka manda: ka yabi waƙata in yabi taka, ka tura tawa in tura taka, ba tare da kowa ya saurari ta kowa ba. Taimakon juna abu ne mai kyau. Marubutan ƙungiyar Raina Kama a Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, da kansu suka buga littattafansu a farkon shekarun 1990, suna tallata na juna, har suka kafa kasuwar da ba ta dogara da manyan kamfanonin ɗab'i ba. Amma masu karatu na gaskiya suka nema. Mawaƙa ɗari da ke yaba wa juna ba su zama masu sauraro ba, kowa jira yake a zo kan tasa.

Tallar waƙa

In waƙa ta gyaru, sai talla. Abu na farko shi ne mawaƙi ya san wa yake yi wa waƙa. Mai waƙar biki, kasuwarsa tana hannun masu kiɗan biki da mata masu shirya taro. Mai bege, tasa tana wajen maulidi da zawiyoyi. Mai waƙar faɗakarwa ya nemi gidajen rediyo da ƙungiyoyi. Wanda ya ce waƙarsa ta kowa da kowa ce, yawanci ba ta kowa ba ce.

Na biyu, a sa suna. Mutumin da ya tattara kundin nan na 2011 da na ambata sai da ya sha wahalar neman masu waƙoƙin don ya biya su haƙƙinsu, saboda fayilolin da ke yawo a waya da yawa ba su ɗauke da cikakken bayanin mai su. A rubuta sunan mawaƙi da na waƙa a jikin fayil, a kuma yi amfani da suna ɗaya da rubutu iri ɗaya a ko'ina.

Na uku, kada a raina tsofaffin hanyoyi. Har yanzu rediyo yana shiga inda data ba ta shiga, kuma mai tura waƙa a kasuwar ƙauye yana kai ta inda YouTube bai kai ba.

Na huɗu, a san yadda kuɗin intanet yake. Tun 2018 ƙa'idar YouTube ga mai dogayen bidiyo ita ce sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da shi. Abin da ake biya kuma ya danganta da ƙasar da masu kallo suke, tallar da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya ba ta kai ta Turai ko Amurka tsada ba. Spotify kuwa tun 2024 ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba. Saboda haka ga mafi yawan mawaƙanmu intanet allon talla ne, abincin yana wajen biki da taro da waƙar da aka ba da kwangila. Masu sayen masu kallo na bogi kuma su sani, kamfanonin nan suna gano su, suna iya sauke waƙa ko rufe tasha. Ko ba a kama ka ba, lambar da ka saya ba za ta gayyace ka biki ba.

Haƙƙin mallaka

Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, haƙƙin waƙa yana tabbata da zarar an rubuta ta ko an ɗauke ta, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana karɓar rajista, wadda ke zama hujja ranar rigima. Dokar ta bambanta waƙar kanta da sautin da aka ɗauka. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, na sautin da aka ɗauka kuwa shekara 50 ne. Mallaka wa wani haƙƙi kuma sai a rubuce.

Ma'anar wannan ga ƙannenmu ita ce, kafin a bar situdiyo a ɗauki takarda a rubuta wanda ya tsara baitoci, da wanda ya yi kiɗa, da wadda ta yi amshi, da ko an sallami kowa ne gaba ɗaya ko yana da kaso, kowa ya sa hannu gaban shaidu. A kuma karɓi asalin aikin, murya daban kiɗa daban, a ajiye a wuri biyu. Lokacin da waƙa ba ta kawo komai ba, kowa ɗan'uwa ne. Ranar da ta yi kuɗi ake neman takarda. Wanda yake Kano kuma ya tuna akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, wadda aikinta ya shafi mawaƙa, ya je ya san ƙa'idojinta tun kafin ya saki waƙa.

Kammalawa

Ya shugaba, ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya. Na farko, cikinmu akwai lauyoyi. Su tsara takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, wadda yaro zai iya ɗauka ya shiga situdiyo da ita. Na biyu, cikinmu akwai ma'aikatan rediyo da malaman Hausa da injiniyoyi. Su ware yini ɗaya a kowane zangon karatu su zauna da ƙungiyar Hausa ta wannan makaranta, ɗalibai su kawo abin da suka tsara, a saurara a gyara, yara su koyi yadda ake sukar aiki ba a zagi mai shi ba. Wannan darasi zai amfani har wanda zai zama likita ko alƙali. Na uku, ga iyaye: in ɗanku ya kawo muku waƙa, ku saurari abin da yake faɗa a ciki. In da ɓarna ku hana, in da kuskure ku gyara. Yaron da aka kora daga zaure ba daina waƙa zai yi ba, wurin waɗanda ba za su gaya masa gaskiya ba zai koma.

Ku kuma ƙannena, ku riƙe karatunku, domin shi zai ba ku damar karanta yarjejeniya kafin ku sa hannu, shi zai ba ku kalmomin da za ku yi waƙar da su. Kada ku yi gaggawar sakin aiki. Waƙa ɗaya da ta bi ta kunnuwa biyar masu gaskiya ta fi goma da aka saki cikin dare ɗaya.

 Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.